Tanki na ƙarewa cikin dare, bango na jiƙewa, mai gyara ya ce sai an fasa tayil duka

Baban Walida:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min da shawara kafin in yi aikin da-na-sani. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ga ni dai ni ne mai ɗakin amma wallahi ban sani ba.

Gidan nawa ne, shekara uku kenan da tarewarmu a nan bayan Ɗorayi a Kano, ɗaki uku da falo, banɗaki uku, biyu a ciki ɗaya a tsakar gida na baƙi. Muna da bohol da sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin bohol ɗin, tankin roba ne mai lita 2,000 a kan ƙarfe. Da can in aka cika shi yana kai mu kwana biyu har da wanki, amma tun wajen wata biyu in muka cika da magariba to kafin a fito sallar asuba ya sauka kusan kashi ɗaya cikin uku alhali kowa barci yake, babu mai taɓa famfo. Na zargi yara, na zargi almajirin da ke mana aike har na yi masa faɗa a banza, Allah ya yafe min. Ga wuta ba kullum ake kawowa ba, kusan duk bayan kwana ɗaya sai na tada janareta don kawai a tura ruwa, kuɗin mai ya fara isata.

Sannan bangon ɗakin yara, wanda ya haɗa da banɗakin maman su, ya jiƙe daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, faɗinsa kamar sallaya, fenti ya kumbura yana ɓarewa ga wani farin abu kamar kanwa yana fitowa. Kuma kun ga hunturu ake, rabonmu da ruwan sama tun watan Oktoba. Shi kuma wannan banɗakin da sassafe wani wari yake tasowa kamar an buɗe kwata, duk wankin da ake masa a banza.

Na kira masu gyara biyu. Na farko yaro ne maƙocina ya turo min, ya canza kan famfo biyu da wani abu a tanki ya karɓi dubu 12, washegari tanki ya sauka kamar yadda ya saba, yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Na biyun babba ne da furfurarsa, ya shiga banɗakin bai yi minti biyar ba, ya ƙwanƙwasa tayil da mukullin mashin ɗinsa ya ce fayif ɗin da ke cikin bango duk jabu ne, sai an fasa tayil ɗin gaba ɗaya a sake da koren fayif ɗin nan na PPR. Kuɗin da ya rubuto min sai da na zauna, kuma wai in ba shi kashi 70 tukuna shi zai sayo kaya.

To tambayata, shin babu yadda za a yi a gano inda yake zuba ba tare da an rushe banɗaki ba? Kuma ku ya kuke yi ku sami mai gyara na Allah? Jinga ake ba su ko kuɗin aiki daban kaya daban? Ni malamin makaranta ne, ban san komai a harkar nan ba kuma ina jin suna gani a fuskata.

Dattijon Unguwa:

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka bari a ɗora guduma a kan tayil ko ɗaya tukuna. Na yi shekara sama da talatin ina tsaya wa mutane a kan gini, kuma daga bayaninka ni ban ga ciwo ɗaya ba, uku na gani, shi kuma mutumin naka yana son ya haɗa su ya yi musu fiɗa ɗaya.

Yi lissafi da kanka tunda kai malami ne. Kashi ɗaya cikin uku na lita 2,000 ya haura lita 600, wato jarka 24 ta 'yan garuwa mai lita 25, kusan kura biyu kenan duk dare. Da wannan ruwan a cikin bangonka yake zuba wata biyu, da ba zancen sallaya kake mana ba, da yara a kwale-kwale suke kwana. Ruwa mai yawa irin wannan in ya ɓace ba a ga laimarsa ba, to hanya ya samu shimfiɗaɗɗiya, kuma a gida irin naka hanyar ba ta wuce uku: ko masai na zama yana tsiyaya a hankali zuwa sokawe, ko fayif na ƙarƙashin ƙasa tsakanin tanki da gida ya fashe ƙasa na shanyewa, ko ruwan na komawa cikin bohol. Na ukun nan yana faruwa ne in an haɗa fayif ɗin sumo ta ƙasan tanki ko an nutsa bakinsa cikin ruwa, sannan bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ya lalace ko ma ba a sa ba.

Ga abin da za ka yi, ko sisi ba za ka kashe ba. Yau da magariba ka cika tanki, ka zura sanda mai tsabta ka yi alama inda ruwa ya tsaya, sai ka rufe bawul ɗin da ke gindin tanki wanda ke sakin ruwa zuwa gida, a tara na buta da na sha a bokiti. Da asuba ka sake zura sandar. In ya sauka duk da ka rufe, laifin na tanki ne ko na layin sumo, cikin gida ba ruwansa. In bai sauka ba, gobe ka buɗe na gindin tanki amma ka bi masai ukun nan ka rufe ƙananan bawul ɗin da ke jikin bango kusa da kowanne, ka sake kwana ka auna. A haka a haka za ka ritsa ɓarawon a lungu.

Akwai ma gajeriyar hanya. Ka buɗe murfin tankin masai, ka zuba bula ta wanki ko ruwan zoɓo mai kauri, kar a kora, ka dawo bayan rabin awa. In ka ga kala ta sauko cikin kwanon masai to robar da ke toshe ƙasan tankin ta mutu. Ka kuma duba ko ruwan ya cika har yana malala ta bakin bututun da ke tsaye a ciki, wannan kuma filoti ne, wato abin da ke iyo a kan ruwan yana rufe shi in ya cika, ba ya tsayar da ruwa. Ka fara da na baƙi, don shi ne ba a cika shiga ba, zai yi wata yana kuka ba mai ji. Masai ɗaya mai irin wannan tsiyayar yana iya shanye ɗaruruwan lita a kwana kuma ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Kan famfon da yaron can ya canza maka kuwa, ko da yana ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa, wajen lita 20 zai zubar a wuni da kwana, bai cika jarka ɗaya ba, ina ya kama ƙafar 24.

Bango kuma maganarsa daban. Da laimar ƙasa ce, irin ta gidajen da ba a shimfiɗa leda ko kwalta a kan fandisho ba, da za ka gan ta a gindin bango da yawa kuma da damina take tsananta. Taka a wuri ɗaya take, a bayan banɗaki, cikin rani, to ruwan gida ne. Saura a san na shiga ne ko na fita. Ku ƙaurace wa banɗakin nan kwana biyar, kar a yi wanka kar a zuba ko kofi ɗaya a ƙasa, amma a bar ruwa a cikin fayif. Ka zagaye gefen laimar da alli. In ta fara ja da baya tana bushewa, to ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil ko ta gefen rariya, siminti da ɗan aiki ne. In tana nan daram ko tana ƙetare allin, to fayif mai kawo ruwa ne, kuma sau da yawa a mahaɗa yake, wajen elbo ko inda aka ɗaura kan shawa, ba a tsakiyar fayif ba. Ruwa ƙasa yake bi, don haka saman inda laimar ta tsaya za a duba, a cire tayil biyu ko uku da giranda a daidai layin famfo. In an buɗe an ga lallai fayif ɗin duk ya ruɓe sai a yi maganar sakewa, gani ya kori ji. Amma mutum ya ƙwanƙwasa da mukulli ya san ingancin fayif ɗin da ke cikin siminti, sai dai in da aljanu yake aiki.

Maman Affan:

Baba Dattijo Allah ya ƙara girma, wallahi da na samu wannan bayanin bara da ban yi asarar da na yi ba. Ni bari in yi maganar warin don shi na sha fama da shi har sai da na daina barin baƙi su shiga banɗakin ɗakina don kunya, turaren wuta da izal ba irin wanda ban ƙarar ba.

Ashe rariyar ƙasa ce, wacce ruwan wanka ke bi. Ta kirki tana da ɗan lanƙwasa ko ɗan kofi a ciki da ke riƙe ruwa kullum, ruwan nan shi ne yake tare iskar sokawe kar ta dawo ɗaki, irin dai ruwan da kake gani yana zaune a kwanon masai. To mu wanda ya yi mana aikin gini kawai fayif ya miƙa ya ɗora murfi mai huji a kai, kyankyasai ma ta nan suke fitowa da daddare. Malam ka gwada, da daddare ka cika leda da ruwa ka ɗaure ka ɗora a kan rariyar ta rufe ta ruf, ka ja ƙofa, in da safe ba wari ka kama shi. In yana nan ka duba gindin masai ta baya inda ya shiga fayif, akwai roba a wurin da take saki. Sannan ka fita bayan gida ka ga ko akwai dogon fayif da ya miƙe sama ya wuce rufi, na fitar da iska, wasu ba sa sawa sam wasu kuma su yanke shi daidai taga, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Kuma dan Allah mata 'yan uwana mu ma muna da laifi. Sinkin kicin ɗina sau uku yana toshewa a shekara ɗaya ina ta zagin mai gyara, ranar da ya kwance ƙasan ya nuna min abin da ke ciki sai da na ji kunya, manja da man gyaɗa sun daskare kamar sabulu sun haɗe da guntun shinkafa da ƙanzo, musamman da sanyin nan mai ba ya wuce taku biyu yake kamewa. Yanzu sai na share tukunya da takarda ko toka kafin wanki, na sa 'yar raga a bakin sinkin, duk sati in bi shi da ruwan zafi da omo. Famfas da audugar mata da ledar omo kuma a masai, wannan ko ba a faɗa ba.

Abu ɗaya da zan roƙa, a bar zuba soda da asid barkatai. Soda in ta haɗu da ruwa zafi take yi sosai, tana iya lanƙwasa fayif na roba mara kauri kuma in ta fantsamo ido shikenan. Kar kuma a kuskura a haɗa haifo da ruwan wankin masai mai asid, hayaƙin da suke tayarwa guba ne, ƙanwata ta taɓa yi a rufaffen banɗaki da kyar ta fito tana tari.

Maganar samun mai gyara, ni dai wanda nake kira yanzu a gidan yayata na ga aikinsa, shekara huɗu ba abin da ya motsa. Kuma ina da sharaɗi, ba ya zuwa sai maigidan yana nan ko ƙanina, kuma shi kaɗai ko da yaronsa ɗaya da muka sani, ba a kwaso min samari huɗu suna leƙa ɗakuna ba.

Mai Sifana:

Salam. Ni sana'ata kenan shekara 16, don haka bari in ɗan kare mu kaɗan kafin a gama yanka mu, haha. Baba Dattijo duk abin da ka faɗa haka yake ranka ya daɗe, kuma ba zan goyi bayan wanda bai rufe bawul ko ɗaya ba ya ce a fasa. Amma Malam Baban Walida ka sani shi binciken nan aiki ne, yana cin wuni biyu ko uku ana zuwa ana komawa, kuma mutanenmu ba sa biyan kuɗin dubawa, sai a ce zo ka ɗan duba min, ka ƙona mai ka zo ka gano matsala, a ce to za mu neme ka, jibi ka ji an ba yaron unguwa ya yi da rabin kuɗi da bayaninka. Shi ya sa da yawa suke tsallake binciken su tafi kan babban aiki kai tsaye. In kana son gaskiya daga bakin mai gyara ka ce masa ga kuɗin dubawa daban ko kai za ka yi aikin ko ba kai ba, za ka ga bambanci.

Kaya kuma, shawarata ku tafi tare. Ya rubuta maka a takarda, kowane abu da adadinsa da girmansa, rabin inci ne ko inci ɗaya, ku je Ƙofar Ruwa ko duk inda ya fi maka kusa, shi ya zaɓa kai ka biya ka karɓi rasit, kuma ka tambayi shago biyu uku kafin nan. In ka ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai shaiɗan na iya shiga, in kuma ka tafi kai kaɗai wallahi za ka kwaso mana tarkace, don kowane kaya a kasuwa hawa-hawa ne kuma a ido duk ɗaya suke. Fayif akwai mai kauri na matsin ruwa akwai sirara na ruwan datti, ka matsa da hannu ka duba kaurin bakinsa. Kan famfo da bawul ka ɗaga ka ji nauyi, na tagulla da nauyinsa, mara nauyin nan mai ƙyalli wata shida zaren ya gutsure a cikin bango. Sau nawa maigida zai ce min sa mai arahar kawai, in ya fashe kuma a ce mai gyara ne bai iya ba. Araha dai ba ta ado.

PPR da ya ce maka ba ƙarya ba ne yana da kyau, da injin zafi ake narka bakinsa a haɗe ya zama abu ɗaya, yana jure ruwan hita wanda farin PVC na gam ba ya jurewa. Amma shi ma in hannu bai iya ba aka bar shi ya daɗe a wuta, robar na narkewa ta toshe cikin mahaɗa, ka gama aiki ruwa na zuwa kamar fitsarin jariri kuma ba ka san wace mahaɗa ba ce. PVC mai kyau da aka goge aka sa gam sosai aka bar shi ya kama kafin a saki ruwa yana shekaru a bango lafiya lau in ruwan sanyi ne. Wanda ke waje a rana ne yake ƙonewa ya yi ƙamas ya fashe, shi a binne shi ko a shafa masa fenti.

Biya kuma kar ka ba kowa kashi 70. Kaya ka riga ka saya, to kuɗin hannu a raba, kaɗan a fara, saura in an gama. Kuma kar a mayar da siminti da tayil sai an saki ruwa an bar wurin a buɗe kwana ɗaya ko biyu, ka sa busasshiyar takarda a ƙarƙashin mahaɗar ka gani da idonka. Ka ɗauki hoton fayif ɗin da waya kafin a rufe, wata rana za ka gode min lokacin da kafinta zai huda bango. Ku yi magana a gaban shaida cewa in ya zuba cikin wata ɗaya ko biyu zai dawo ba kuɗi. Amma dan Allah in an gama a cika mana, akwai Alhazan da nake bi cikon aiki tun azumin bara, in na kira sai a ce yana mitin.

Kuma ka nemi mai mazauni, wanda ake samu a shago ko wata inuwa da aka san shi, ka tambayi masu sayar da kayan famfo na unguwarku, sun san wanda ke sayen kayan kirki da wanda kullum jabu yake nema. Ka ce ya nuna maka gida biyu da ya yi wa aiki. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Ɗan Kwalisa:

Oga Mai Sifana tunda ka fito bari in shigo da tawa, shawar ɗakina ba ta da ƙarfi ko kaɗan, sai na gama sabulu ina jiran ruwa kamar mai jiran albashi, amma famfon tsakar gida kamar zai ɓalle hannu. Asiri ne ko me?

Mai Sifana:

Ba asiri, tsayi ne. Ƙarfin ruwan tanki daga tazarar da ke tsakanin saman ruwan da bakin famfo yake zuwa, ba daga girman tanki ba, duk mita 10 na tsayi ne ke ba da abin da muke kira "bar" ɗaya a gejin auna ƙarfin ruwa. Famfon tsakar gida yana ƙasa, shawa tana sama da kanka, in tankin a kan ɗan gajeren ƙarfe yake to abin da ya rage mata bai fi mita ɗaya ko biyu ba. Amma kafin ka ɗaga tanki kwance kan shawar tukuna, yashin bohol da farin dattin nan suna toshe hujojin, ka jiƙa shi a ruwan tsami ko ruwan lemon tsami ya kwana ka soke da allura. In kuma tun ranar da tanki ya ƙafe ƙaf abin ya fara, iska ce ta shiga layi, cika tanki ka buɗe famfunan gidan duka su yi ta tari har su daidaita.

Ɗan Maraɗi:

Sallama gare ku. Mu nan wajenmu masu ruwan pampo na gari kwantar muke da ita, wato mitar ruwa, ita ka tona asirin yoyo. Sai ka rufe robine, wato kan pampo, duka na gida, ka je ka tsaya gaban kwantar, in ƙaramar allurar nan tana juyawa to akwai inda ruwa ka fita. Ko ka rubuta lambar da dare ka duba da safe. Ni haka ta faru gare ni, faktir, wato takardar kuɗin ruwa, ta zo ninki biyu wata biyu jere, munka yi ta gardama da mutanen gida, ashe tiyon da anka binne tsakanin kwantar da gida ne saiwar dalbejiya ta matse shi ya tsage, ƙasarmu kuma rairayi ce ruwa bai fitowa sama, sai dai munka lura wuri guda ciyawa ta yi kore cikin rani. Malam ka bi layin da tiyonka ya bi tun daga tanki ka duba ko akwai wurin da ƙasa ta yi sanyi ko ta lotsa ko tururuwa sunka taru. Da munka gyara sai na sa anka saka bawul ga kowane reshe, na kicin daban na kowace makewayi daban, yanzu in wuri guda ya lalace shi kaɗai muke rufewa ba gida duka ba.

Dattijon Unguwa:

Ɗan Maraɗi ka kawo magana, bawul a kowane reshe shi ne abin da masu gini ke tsallakewa don tsimin kuɗin da bai kai na buhun siminti ba. Na dawo ne in ƙara abu ɗaya da ya tsaya min a rai. Malam in ta tabbata masai ne ke shanye ruwan, to wata biyu kenan kana ɗura wa sokawenka kura biyu duk dare, ka sa a duba cikarsa, ƙila ma shi ya ƙara tunzura warin. Kuma ina roƙonka da girman Allah kar ka bar kowa ya shiga ciki, ko waya ce ta faɗa ko zobe. Iskar da ke cikin ramin nan tana sumar da mutum kafin ya yi ihu, na biyu ya shiga ceto shi ma ya zube, sau nawa muna ji a rediyo 'yan kwana-kwana sun ciro mutum biyu uku daga rami ɗaya. A kira masu motar zuƙa.

Ka kuma auna tazarar sokawen da bohol ɗinka. Ma'aikatan lafiya mita 30 suke so, wasu su sassauta zuwa 15, alhali fulotin da yawancinmu ke ginawa ƙafa 50 ne, shi kansa wajen mita 15 ne kawai, ga na maƙoci ta bayan katanga. In sun yi kusa ka kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji, kafin nan na sha a tafasa, musamman na yara.

Baban Walida:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana tara, ina ta bin abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Baba Dattijo Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa. Daren farko na rufe gindin tanki, da asuba ruwa na nan daidai kan alamar sanda ko yatsa bai sauka ba. Ban ma jira dare na biyu ba na sa maman Walida ta dafa zoɓo, muka zuba a masai uku, na ciki biyu shiru, na baƙi kuwa ko minti goma ba a yi ba kwanon ya yi ja kamar an yanka kaza. Na rufe ɗan bawul ɗinsa, tun ranar tanki ya koma kai mu kwana biyu. Da aka buɗe, robar ƙasan ta taurare ta karkace, ga yashi ya taru a bakinta. Kuɗin sabuwar bai kai abin da nake ƙonawa na mai a kwana biyu ba, na rasa dariya zan yi ko kuka. Almajirin nan na kira shi na ba shi haƙuri na ɗinka masa kaya.

Gwajin leda na Maman Affan ma ya yi, rariyar ce, miƙaƙƙen fayif ne ba komai a ciki, an sa mai kofi.

Bango kuma bai bushe ba duk da mun ƙaurace kwana biyar, har ya ɗan haura allin. Na samu wani ta hannun mai shagon kayan famfo na bakin titinmu, na ba shi kuɗin dubawa kamar yadda Oga Mai Sifana ya ce, ya yanke tayil uku a ƙarƙashin kan shawa, sai ga shi soket ɗin da aka ɗaura famfon a ciki ya tsage ta gefe, ya ce an ɗaure shi da ƙarfi ne fiye da kima tun farko, ruwa na fitowa siriri kamar zare. Sauran fayif ɗin lafiyarsa ƙalau, mai kauri ne ma. Mun je kasuwa tare ya zaɓi mai zaren tagulla a ciki, ya haɗa, yau kwana biyu wurin a buɗe na sa takarda a ƙasa ba ta jiƙe ba, na ɗauki hoto. Na riƙe masa cikon kuɗinsa sai an rufe kuma ya yarda ba musu.

Sokawe na sa an ɗaga murfi daga nesa an leƙa, saura kamar kamu biyu ya cika, masu mota za su zo ranar Asabar. Na auna da tef tsakaninsa da bohol mita 11 ne, wannan kam ya hana ni barci, mun fara tafasa na sha.

Yanzu abin da ya rage, tayil ukun da aka yanke na zaga shaguna har biyar ban samu irinsu ba, wai an daina kawo kalar. Maman Walida ta ce ita ba za a sa mata faci kamar wandon makanike ba. Akwai wanda ya san inda ake samun ragowar tsofaffin tayil a Kano? Fari ne mai ɗigon toka, girmansa 25 da 40. Sannan bangon ɗakin yara kwana nawa zan bar shi ya sha iska kafin a kankare a sake fenti?